Dutsen Taimamar Malam Iro

Ku matso kusa, jikokina, ku kifa wayoyin nan a kan cinya, ku ara mini kunnuwanku. Ga ta nan gare ku, sai dai ba tatsuniya ba ce, da ƙafata na taka ta, tun daga Tottenham har Woolwich. Jiya na ji Safiya tana gaya wa ƙawarta cewa aikin Kaka ba wani aiki ba ne, wai "it's just a form". Fom ne kawai, ko? To ke da kika faɗa, ke za ki riƙe biro ki rubuta, tunda ni ban taɓa zama a aji ba.

Ni Asabe, mutuniyar Funtuwa, renonku ne ya kawo ni London. Da kuka yi wayo kuka shiga makaranta, sai na wayi gari daga ni sai taga. Wata Juma'a a masallacin Regent's Park, ina laluben takalmina a cikin tarin takalma, wata mata ta dafa ni. Sunanta Rukayya, 'yar zangon Kumasi ce, Hausarsu ba ta raba mace da namiji.

Ta ce, "Mma, ka iya hira da tsofaffi?"

Na ce, "'Yar nan, ai ni ma tsohuwar ce."

Ta ce, "Shi ya sa. Ka zo ofis ɗina ranar Litinin."

Ofishin ɗaki ɗaya ne a saman shagon atamfa a Tottenham. Rukayya wakiliyar inshora ce: mutum ya riƙa biyan wani abu duk wata, ranar da ciwo ya zo kamfani ya ɗauki nauyi. Ku kun san ganin likita a ƙasar nan kyauta ne. To haƙori fa? Tabarau fa? Motar zuwa asibiti fa? Wanda zai zo ya cuɗa maka baya ranar da hannu ya ƙi ɗaguwa fa? Waɗannan ne ke kawo tsofaffinmu wurinta. Amma kamfani ba ya karɓar ciwon da ya riga ya shigo gida, kuma fanshon mai shara ko mai gadi ba ya ɗaukar biyan wata-wata. Wani wakilin sai ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya rufe ƙofa. Ita kuwa Rukayya ta san akwai taimakon da council, wato ƙaramar hukuma, da gwamnati suka tanada saboda irin waɗannan mutane, benefit iri-iri, haƙƙinsu ne, sun yi wa ƙasar nan aiki da ƙarfinsu. Sai ta ajiye cinikinta ta zauna tana nemo musu.

Na ce, "To ni mene ne nawa, da ban san rubutu ba?"

Ta ce, "Mma, ni in na tambayi tsoho ina ke ciwo, sai ya ce, 'yata Allah ya yi albarka. Fom ɗin nan ba shi da layin Allah ya yi albarka."

Aikina na farko shi ne Malam Iro. Bakatsine ne, ya zo ƙasar nan yana saurayi, ya ƙare ƙarfinsa yana tura gadajen marasa lafiya a wani asibiti, ranar Asabar da Lahadi kuma ya koya wa yara karatun Alƙur'ani. Matarsa ta rasu. 'Ya ɗaya gare shi, Hauwa, tana aure a Leeds. Ciwon gaɓɓai ya kama masa gwiwoyi da kafaɗa da yatsu, yana zaune shi kaɗai a flat ɗinsa a hawa na uku a Woolwich. Shi ya bugo waya yana neman inshorar da za ta biya masa mai taimako. Muka hau tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, muka canza zuwa jirgin nan da ba shi da direba, muka je.

Rukayya ta gaya masa gaskiya, inshora ba za ta yiwu ba, amma za ta nemi council su turo a duba halin da yake ciki, in sun ga bukata su ba shi mai zuwa kullum. Sai ya juyo wajena, ya rage murya.

"Hajiya, ke za ki gane. Hauwa ta ce in ban samu mai kula da ni ba, za ta zo da mota ta kwashe ni zuwa gidan mijinta. Ni Iro, in tare a gidan suruki? In riƙa cin karo da shi a ƙofar banɗaki da safe?"

Na ce, "Allah ya kiyaye, Malam. Ba za a yi haka ba."

To ku riƙe wannan: zaman Malam Iro a ɗakinsa, da mutuncinsa, shi ne abin da ke hannunmu.

Aka sa rana, matar council za ta zo ranar Laraba. Ni kuwa tun da muka fito abin da na gani yake damuna. Kwanoni sun taru har sun rufe famfo. Bahon wanka cike da kwalaye, an ga alamar ya daɗe bai ga ruwa ba. Kayan sawa jibge a kan kujera. Na ce a raina, baƙuwa za ta zo, Baturiya, ta ga gidan malami a haka? Ai mu duka aka kunyata, daga Katsina har Funtuwa! Ranar Talata ban gaya wa kowa ba, na ɗaura ɗankwali, na ɗauki omo da soso da tsintsiyata ta gida, na tafi Woolwich. Na bar ƙofa a buɗe kamar yadda ya dace, na shiga aiki. Kai! Na wanke, na goge, na kankare bahon nan har yana ɗaukar ido. Na goge masa babbar riga. Na ga wani dutse mai santsi a gefen kujerarsa, na ɗauka na tokare ƙofa ne, na tura shi bayan labule. Na bar masa cincin a kwano don baƙuwa.

Ranar Laraba Rukayya ta iso tare da matar council, wata doguwa mai jan gashi, da fara'arta. Malam ya haɗiye maganin ciwo, ya cije, ya buɗe ƙofa da kansa cikin babbar riga da hula. Da kansa ya haɗa mata shayi, ina ganin kofin yana rawa a hannunsa, ya ƙi yarda a karɓa. Ta tambaye shi yaya yake fama, ya ce, "Very well, thank God." Ta tambaye shi girki, ya ce lafiya lau. Ta tambaye shi wanka. Ya dube ni, ya dubi Rukayya, mata biyu a zaune a gabansa, ya ce lafiya lau ƙalau. Ta leƙa banɗaki, ta yaba. Ta ci cincin biyu.

Muna fitowa, tun a kan matakala, Rukayya ta tsaya.

"Mma, wa ya share gidan nan?"

Na gyara mayafi na ce, "Ni ce, da hannuna."

Ta ɗora hannu biyu a ka. "Ka kashe mu! Kwanonin nan su ne shaidunmu. Kwalayen nan su ne shaidunmu. Mma, ka wanke shaidu!"

Takarda ta zo cikin ambulan mai ruwan ƙasa. An duba, an ga dattijo yana iya kula da kansa. Matar ba ta yi laifi ba, abin da muka nuna mata ta rubuta.

Na zaci kora ce, sai Rukayya ta miƙo mini jakarta ta ce in riƙe. Watanni ina biye da ita gida-gida, ba na cewa uffan sai gaisuwa. Tana karanta tambayoyin fom da ƙarfi, ina haddacewa kamar yadda muka haddace surori muna yara. Kana iya sa riga? Kana iya shiga wanka? Taku nawa kake yi kafin ka tsaya? Kana faɗuwa? Kana manta magani? Dokarta ɗaya ce, kuma ta maimaita mini ita har na gaji: ba ma ƙara ciwo, ba ma rage ciwo. Wanda ya zo yana so a rubuta masa gurguntar da ba shi da ita, ta nuna masa ƙofa.

A nan na haɗa kayan aikina, ga jakar can ku duba. Takalmi mara tsini, da katin tsofaffi na hawa bas. Carbi, don in na raka tsohuwa daga kujera zuwa ƙofa ina jan ƙwaya ɗaya a kowane taku, inda ta tsaya ta dafa bango nan nake tsayawa, in kai wa Rukayya lissafin takun. Kwalbar man shafawa mai taurin murfi, in miƙa in ce, "Yaya, buɗe mini wannan, hannuna da santsi," daga nan na ga ƙarfin yatsunta ba tare da na tambaya ba. Zare kala uku: ja na ɗaure takardar da ke bukatar amsa da gaggawa, kore na wadda aka gama da ita, baƙi na wadda ban gane tambarinta ba. Sai waya, wadda nake yi wa magana ta riƙe, Rukayya ta saurara ta mayar rubutu. Kun ji na ambaci fom a cikin kayan nan?

Amma duk wannan bai buɗe bakin Malam Iro ba. Rukayya ta ce ana iya neman a sake dubawa, sai dai in zai sake cewa lafiya lau, gara kada a fara. Hauwa kuma ta soma bugo waya tana cewa ta gyara ɗaki. Ranar nan ana tsakiyar sanyi na je gaishe shi da rana, da kunun gyaɗa a fulas. Lokacin azahar ya yi. Na miƙe in cika masa buta, sai na ga butar a bushe ƙayau, har da ƙura a bakinta. Na juyo, sai ga dutsen nan da na tura bayan labule, ya dawo gefen kujera, a kan faranti. Malam ya buga tafinsa a kai ya shafi fuska.

Na jira ya idar da sallarsa a zaune. Na ce, "Malam, wannan dutse fa?"

Wallahi sai muryarsa ta canza, ta koma ta mai karantarwa. "Na taimama ne, Hajiya. Ai kin san hukuncin. Wanda ruwa ke kusa da shi amma ba ya da ikon yin amfani da shi, kuma babu mai taimaka masa, Allah ya sauƙaƙa masa."

"Tun yaushe, Malam?"

"Tun kafin ƙaramar Sallah. Yatsu ba sa murɗa famfo. Hannun dama ba ya kai wa ka. Ƙafa kuwa, in na sunkuya, to sai an ɗaga ni."

"Sujada fa?"

"Rabon goshina da ƙasa an kusa shekara."

Jikokina, na ji kamar in tashi in yi rawa a gaban malami! Duk abin da fom ke nema, ga shi ya zubo mini a cikin numfashi uku. Mutumin da in ka tambaye shi jikinsa zai ga ƙorafi butulci ne ga Ubangiji, in ka tambaye shi alwalarsa ba zai yi maka ƙarya ba, don wannan maganar addini ce. Tun a tashar jirgi na kira Rukayya ina haki. Na ce, "'Yar nan, na samo ƙofar! Kada ki ƙara tambayar tsoho lafiyarsa. Tambaye shi alwala!" Wanke hannu, yatsu ke nan. Shafar kai, kafaɗa ke nan. Wanke ƙafa, baya da gwiwa. Ruku'u, tashi daga zama, wankan Juma'a, tafiya masallaci. Babu layin fom ɗin da ba ya cikin salla. Ta yi ihu a waya har na janye ta daga kunnena.

Ta yi booking, aka sa sabuwar rana. Saura kwana kaɗan sai ga shekarar kulle, shekarar annobar nan da aka hana kowa shiga gidan kowa. Ku kun tuna ta da zama a gida kuna karatu a kwamfuta. Mu kuwa ita ce muguwar shekararmu. An yi cancel ɗin komai. Shagon atamfa ya rufe, ofis ya rufe, cinikin Rukayya ya tsaya cik. Ni da idona ne jarina, aka ce in zauna a ɗaki. Carbina ya koma na tasbihi kawai. Tsofaffinmu muna kiransu ɗaya bayan ɗaya, kowa lafiya lau, kowa alhamdulillahi, sai bayan kwana biyu ka ji an ɗauki wane a motar asibiti. A cikin wannan hali Malam Iro ya zame a kicin, ya daɗe a ƙasa kafin maƙwabciyarsa ta ji bugun sandarsa a bango. Hauwa ta kira ni tana kuka.

"Goggo, ranar da aka buɗe hanya, ranar zan zo in ɗauke shi. Ko yana so ko ba ya so."

Na ce, "Ki ba ni zuwa lokacin."

Rukayya ta yi ta buga wa council waya har aka yarda za a yi dubawar ta waya. Mu huɗu a kan layi ɗaya da hantsi: Malam a Woolwich, Rukayya a gidanta, ni a kicin ɗin uwarku, da matar council. Ashe mai jan gashin nan ce, har ta ce ta tuna shayin. Turancina na kasuwa ne, amma ina tsintar abin da ake faɗa. Ta tambaye shi yaya jiki bayan faɗuwar. Sai na ji ya ɗauko waƙarsa: "No complaint, thank God."

Na katse shi da Hausa, abin da ban taɓa yi wa malami ba.

"Malam, gafarta mini. Baiwar Allahn nan ba ta san alwala ba. Ka karantar da ita, gaɓa-gaɓa, kamar yadda kake karantar da yara. A kowace gaɓa kuma ka gaya mata da ruwa kake yi yanzu ko da dutse."

Ya ce, "Hajiya, me zai kai ni tona asirina ga baƙuwa?"

Na ce, "Ba ƙorafi na ce ka yi ba. Karatu na ce ka bayar. Ko akwai ranar da aka tambaye ka karatu ka ɓoye?"

Sai ya yi gyaran murya.

Kai, ku zo ku ji Turanci! Ya fara daga niyya. Ya zo wanke hannu, ya ce wannan sai an murɗa famfo, shi kuwa yatsunsa sun daina. Ya zo shafar kai, ya ce hannu ba ya kaiwa. Ya zo ƙafa, ya faɗi watannin da ya yi bai taɓa tafin ƙafarsa ba. Ya bayyana mata dutse da hukuncinsa. Tana ta cewa ya dakata ta rubuta, shi kuwa karatu ya yi daɗi, har yana tambayarta ko ta gane. Da ya zo wankan Juma'a sai ya sassauta. Ya ce baho ya fi ƙarfin gwiwarsa tun bara, da tsumma yake goge jiki.

Matar ta ce, amma ai ranar da ta zo bahon yana walƙiya.

Na ce, "Rukayya, gaya mata ni na wanke. Kwalaye ne a ciki. Har cincin ɗin da ta ci nawa ne."

Rukayya ta fassara. Matar ta yi dariya har da tari, sannan ta ce wa Malam ta gode da karatu.

Ba a jima ba takarda ta zo. Rukayya ta kira ni tana karantawa tana tsalle, ina jin ƙarar ƙafarta. Mai taimako kowace safiya! Kujerar zama a wanka, ƙarfen riƙewa a bango, famfo mai hannu wanda ake turawa da gwiwar hannu! Daga baya ta cike masa fom ɗin benefit da kalmomin karatun nan nasa, shi ma ya fito, ya ishe shi motar asibiti da ɗumama ɗaki. Na rangaɗa guɗa a kicin har maƙwabcinmu ya buga bango, ku kuka fito a guje kuna tambaya wa ya haihu. Rukayya ta dage namiji za a turo, aka samu wani bawan Allah ɗan Somaliya, ya zo da takunkumi da safar hannu. Ran da ya fara zuwa, da azahar Malam ya kira ni.

"Hajiya, yau da ruwa na yi. Har ƙafa."

To ga yadda kowa ya ƙare. Hauwa ta zo da mota da aka buɗe hanya, amma da tukunyar miya ta zo, ta koma ita kaɗai, ɗakin da ta gyara ya zama na ɗinki. Mijinta yakan zo gaisuwa, ya durƙusa a ƙofar falo kamar yadda suruki ke yi, Malam yana kan kujerarsa, a gidansa. Malam Iro ya ƙara azumi uku a flat ɗin nan, ya koma zuwa Juma'a Regent's Park sau ɗaya a wata, ya rasu a gadonsa wata Alhamis da hantsi, bayan ɗan Somaliyan ya yi masa alwala. Matar council, an ce har yau in ta shiga gidan tsoho Musulmi takan tambaya ko akwai dutse. Rukayya ta buɗe ofis, yanzu ɗaki biyu ne, Yarabawa da 'yan Somaliya suna turo nasu su koyi tambayoyin alwala a wurinmu.

Dutsen kuwa Malam ya ba ni tun yana raye, ya ce ya gama masa aiki. Yana cikin jakar nan. In na shiga gidan tsoho nakan ɗora shi a kan tebur in ci gaba da gaisuwa. Wanda ya dube shi ya sunkuyar da kai, na san inda zan fara.

Ni kuma, makon jiya na hau matakalar ofis ina dafa bango. Rukayya ta ce, "Mma, yaya gwiwa?" Na ce lafiya lau, alhamdulillahi. Ta ajiye biro, ta jawo kujera, ta zauna a gabana.

Ta ce, "Mma, yaushe rabonka da sujada?"

Safiya, ajiye wannan rubutun haka nan. Fom ɗin da Rukayya ta ba ni a ranar yana cikin jaka, ƙarƙashin dutsen, an ɗaure shi da jan zare. Ɗauko ki cike mini, tunda fom ne kawai.